Asibitin da Waya Ta Kai Ni

Litinin, da hantsi

Wannan littafin shan mai ne, na lokacin da nake da mota. Rabinsa bai cika ba, ni kuma ba na zubar da abu mai sauran amfani. Rubutuna ba kyau, na sani. Ban shiga aji ba, a jikin allunan hanya da lambar motoci na koyi baƙi, kuma da shi na ja babbar mota tun kafin a haifi wanda yake ganin ya fi ni sani yanzu. Ba don kowa nake rubutawa ba.

Uwata ta bugo da safe. 'Yata ce, ita kaɗai gare mu, sunan mahaifiyata ta ci shi ya sa nake kiranta haka, ga shi yanzu ta ɗauka da gaske ita ta haife ni. Ta ce wurin aiki sun tura ta kwas, za ta yi makonni ba ta gari, maganin zuciyar uwarta kuma ya kusa ƙarewa. Ita ce take shiga shafin asibiti a waya duk wata ta sabunta, su aiko da ƙwayoyi, su sa ranar awo.

"Baba, zan ce wa mijina ya biyo ya yi muku."

Na ce kada ya biyo.

"Baba, ba wani abu ba ne fa, yanzu zai gama."

Na ce in ba wani abu ba ne, ai ni ma zan iya. Wayar da kika saya min ba don ado na ajiye ta ba.

Mijin nata shi ne Injiniya. Ni na sa masa sunan. Shi ya shigo har gidan nan ya zare makullin motata daga kan ƙusa bayan abin nan na katangar maƙwabci, wanda ba wanda ya ji ciwo, katangar ma da can a karkace take. Ya durƙusa yana "Baba, a yi haƙuri, idon ne," makullin kuwa yana aljihunsa. Tun ranar na ce ƙafata ba za ta taka gidansu ba sai makulli ya dawo kan ƙusarsa. Sun tashi sun koma sabuwar unguwa, ban je ba. Ko launin ƙofarsu ban sani ba.

Kwandasta tana jin mu daga kan kujerarta. Matata kenan. Duk tafiyar da muka taɓa yi tare, ita ce mai cewa rage gudu, ga rami, ka wuce kwanar. Ta ce, "Direba, ka bar yaron nan ya yi mana."

Na ce an ƙwace mota, yanzu ke ma so kike a ƙwace ki? Ai na san abin da suke jira. Uwata ta daɗe tana cewa uwarta ta koma wurinta, wai na tsufa da jinya. Jira suke in gaza sau ɗaya.

Ba zan gaza ba.

Talata, bayan azahar

An gama. Ni kaɗai.

Adireshin shafin yana jikin katin asibitinta. Na ja kujera bakin taga inda haske yake, na sa tabarau, na riƙa danna baƙi ɗaya bayan ɗaya. Yatsuna na sitiyari ne, madannan nan kuwa kamar don ƙananan yara aka yi su. Na danna tafi. Wayar ta ɗan yi tunani, sai ta kawo min sunaye a jere, wani ƙarƙashin wani, kamar motoci a tasha. Ba haka nake hango shi a hannun Uwata ba, amma su waɗannan abubuwa kullum canza kaya suke yi.

Wanda ya yi rayuwarsa a tasha ba sai an gaya masa ba: motar da take gaba a layi ita ce mai lodi, ita ce layi ya zo kanta. Na taɓa na sama. Ga sunan asibiti, ga hoton likita da abin sauraron ƙirji a wuya yana murmushi. Suka ce in sa lambata. Na sa.

Ban gama cire tabarau ba waya ta yi ƙara. Wata yarinya ce, murya a sanyaye.

"Baba, ina wuni. Mama ce ba lafiya? Sannu da ƙoƙari, Baba. Kai da kanka kake jinyarta? Allah ya ba da lada. Ba kowane namiji ba ne zai iya."

Rabon da wani ya gaya min haka na manta. Ta sa na ɗauko tsofaffin kwalaye na karanta mata sunayen, baƙi baƙi, ba ta gaggauta ni ba, ba ta yi dariya ba. Na tambaye ta ranar awo. Ta ce yanzu sun sauƙaƙa wa dattawa, ba sai an wahalar da Mama da zuwa ba.

Na gaya wa Kwandasta. Ta ce, "Asibitin nan da nake wuni a benci ne ya koyi tausayi?" Na ce ke dai ba kya yabon komai.

Laraba, da yamma

Mai babur ya kawo ƙwayoyin. Fara da mai ruwan hoda, kamar kullum. Kwalin ma ya fi na da sheƙi.

Uwata ta bugo ta tambaya. Na ce an yi. Ta ce wa ya yi. Na ce wa kike tsammani.

Asabar, da hantsi

Wannan sabon maganin ya fi na da. Farar ƙwayar ta da, in ta sha da safe, to ranar ba zama. Kama ni, Direba. Mu je banɗaki, mu dawo, ban gama zama ba, kama ni, Direba. Shayina bai taɓa shiga cikina da zafinsa ba. Yau kuwa ta sha ta zauna lafiya lau har rana ta ɗaga. Na sha shayi har kofi na biyu.

Na ce mata kin gani, ilimi gaba yake yi. Ta ce, "Na da yana da ɗaci." Na ce to ɗacin kike kewa?

Da Injiniya ne ya samo wannan, da yanzu an yi masa kirari a waya.

Litinin, da safe

Ta ce ba ta yi barci sosai ba. Zafi ake yi.

Laraba, bayan la'asar

Silifas ɗinta ya matse ta. Na kai wa Mai Faci na bakin titi, abokina ne tun muna da haƙora, na ce ya ƙara wa madaurin roba. Ya juya silifas ɗin a hannu ya ce, "Ƙafar wa take ƙara lamba a shekarun nan? Ko amarya ka yi ba ka gaya mana ba?"

Na ce ka yi aikinka.

"Taya dai in ta kumbura ta gefe, ba iska ake ƙara mata ba."

Na ce matata ba taya ba ce, kai kuma ba likita ba ne, ko facin ma rabinsa sa'a ce. Ya yi dariya ya yanko roba. Da zan tafi ya ce in gaishe ta, bai yi dariya ba a nan.

Zama ne ya yi mata yawa. Da can zuwa banɗaki yana motsa mata jini. Gobe zan zagaya da ita tsakar gida.

Alhamis, da hantsi

Ba mu zagaya ba. Ta kai bakin ƙofa ta ce bari ta huta.

Juma'a, da yamma

Na danna ƙaurinta da yatsa sai wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Na ja zanin na rufe. Ta ce, "Na gani ai."

Sai ta ce, "Direba, ƙwayar nan ba ta aiki."

Na ce aiki take yi, cikin natsuwa.

"Ruwan da nake fitarwa da can, yanzu ina yake zuwa?"

Na fita na kira yarinyar. Ta ɗauka nan take, ta gane ni, har ta tambayi Mama. Ta ce alama ce jiki yana karɓar magani, haka yake yi wa kowa a farko, kada in damu, kada kuma in bari a rikita ni da shawarwarin mutane. Ta ce akwai wani na ruwa da yake taimakawa, za ta aiko. Na ji sanyi. Mutum ya yi magana da wanda ya san aikinsa daban ne.

Na dawo na gaya mata. Ta ce in ƙara mata filo.

Asabar

Injiniya ya zo da lemo da ayaba. Na tare shi a ƙofa na ce tana barci. Ya ce ko akwai abin da ake buƙata. Na kalli ƙusa. Ya sunkuyar da kai, ya ajiye ledar ya tafi.

Ba barci take ba. Na ji tana tari, na ɗaga murya ina yi masa sallama don kada ya ji.

Lahadi, bayan azahar

A zaune take kwana yanzu. Filo uku da bargo a naɗe. In ta kwanta sai ta ce kamar an ɗora mata buhu a ƙirji.

Uwata ta bugo, Kwandasta ta karɓa. Na tsaya a kanta. Ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, babanki yana ƙoƙari." Tsakanin kalma da kalma tana jan numfashi. Uwata ta ce me ya sami muryarki. Ta ce layin ne.

Da ta ajiye ta kalle ni. Ban san me take so in ce ba.

Na ɗauko katin na sake duba adireshin. Daidai na rubuta.

Litinin, da safe

Lambar yarinyar tana ta ƙara ba a ɗauka. Wataƙila ba ta zo aiki ba.

Litinin, da yamma

A kashe.

Talata

Muna asibiti.

Alhamis, da hantsi, a bencin asibiti

Ba ni na kira Injiniya ba. Mai Faci ne, da ya ji ina kiran sunanta na gaskiya da ƙarfi, abin da ban yi ba tun muna yara. Ba zan rubuta yadda na same ta ba.

Injiniya ya zo da motata. Tawa. A wanke, taya sabbi, injin yana kaɗawa kamar agogo, ƙarar nan ta gefen hagu da na yi shekaru ina fama da ita babu. Shi da Mai Faci suka ɗauko ta suka sa a baya. Na nufi ƙofar direba, ƙafata ce ta kai ni, sai na tuna. Na zagaya. Ban taɓa sanin kujerar nan tana da nisa da sitiyari haka ba.

Tuƙinsa ba laifi. Yana taka birki da wuri, amma ba laifi.

Yanzu tana ciki da roba a hanci. Sun yi mata allura, nas ta ce ruwan da ya fita daga jikinta ya ba ta mamaki. Mai duba kati ta buga sunanta ta ce ba a sabunta maganinta ba wannan watan, kuma ta tsallake awo. Na ce an sabunta, ni na yi da hannuna. Ta ce, "Baba, ba a nan ba." Na ce yarinyarku ma ta kira ni. Ta ce, "Mu ba ma kira." Na ce ai shi ya sa mutane suke gudunku.

Likita mace ce, ba ta kai Uwata shekaru ba. Ta karɓi kwalayen ta juya su, ta ɓallo fara guda ta duba. Ta ce ba ta san abin da yake ciki ba sai an gwada, abin da ta sani shi ne abin da ya kamata ya kasance a ciki babu shi. Ta ce tun yaushe ƙafar ta fara kumbura. Na ce ban riƙe ba.

Juma'a, bayan la'asar

Injiniya ya zauna kusa da ni a benci, ya bar tazara kamar yadda ya saba. Ya ce, "Baba, ko zan iya ganin wayar?" Na miƙa masa ban kalle shi ba.

Ya daɗe yana shafawa. Sai ya ce baƙi ɗaya ne ya faɗi a tsakiyar adireshin. Na ce daidai na rubuta. Ya ce, "Baba, kowa yana yin haka, ni ma kullum sai na yi. Ba nan matsalar take ba."

Ya ce adireshin da na rubuta babu shi a duniya. Abin da ya kamata wayar ta yi shi ne ta ce babu, ba a samu ba, a sake dubawa. Amma kamfanin layin da nake amfani da shi ba ya bari ta faɗi haka. Duk wanda hannunsa ya kuskure, sai su tare shi su kai shi wani shafi nasu da suka cika da talla. Ya rubuta adireshin a tasa wayar da kuskuren, layinsa daban ne, sai ga fari fat da 'yan kalmomi. Ya rubuta a tawa. Ga jerin nan ya fito, ga na sama, ga likita yana murmushi. Har yanzu yana nan yana murmushi.

Ya buɗa rubutun da yatsu biyu har ya yi girma, ya nuna min wata 'yar kalma a gefe, toka-toka, kamar ƙura a gilashi. Talla. Haka aka rubuta.

Na ce amma shi ne a gaba a layi.

Ya ce, "Baba, a nan na gaba shi ne wanda ya fi biya."

Na san su. Duk tashar da na taɓa shiga suna nan. Baƙo ya sauko da jakarsa, ya faɗi sunan garin da za shi bai faɗa daidai ba, kafin ya rufe baki ɗan kamasho ya fizge jakar, zo nan Alhaji, ga motarka, yanzu za ta tashi. Ba ruwansa da inda mutum za shi. Direban da ya cika masa hannu shi yake yi wa lodi, mu masu bin layi muna zaune muna kallo. Na yi faɗa da su har an taɓa fasa min baki. Ashe suna cikin aljihuna, ni nake saya musu caji.

Na ce to ka gani, ba ni ba ne.

Ya ce, "Haka ne, Baba."

Da ya yi musu da na fi jin daɗi.

Asabar, da yamma

Uwata ta baro kwas ɗin. Ta shigo ta wuce ni ta shiga wurin uwarta. Da ta fito ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata, idonta jawur. Na fara yi mata bayanin kamfanin layi da 'yan kamasho. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Baba, na ji. Sun cuce mu, kuma mijina ya kai ƙara inda ake kaiwa. Amma abu ɗaya nake so ka gaya min. Da wayar ta ce maka babu, da ka kira mu?"

Na ce mata nas tana nemanta.

Litinin, bayan azahar

Na je ofishin kamfanin layin. Na sa babbar riga. Aka ba ni lamba na zauna har aka kira, wani saurayi mai igiyar kati a wuya. Na ajiye masa wayar na ce wa ya ba ku izinin kai ni inda ban ce ba.

Bai gane ba sai da na nuna masa. Ya ce, "Au, wannan ai taimako ne, Baba. Don kada a bar mutum a hanya ba komai."

Na ce yaro, na yi tuƙi kafin a haifi ubanka. Mutum ya tambaye ka hanya, in ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Wannan shi ne taimako. Wanda aka bari a hanya yana nan inda yake, zai tambayi wani. Wanda aka sa a motar da ba tasa ba fa?

Ya ce su ba su suke zaɓar masu tallar ba, wani kamfani ne daban. Na ce shi wancan ɗin fa? Ya ce shi ma na'ura ce take jerawa. Na ce to matata tana kwance da roba a hanci, wa zan kama, na'ura? Ya ce Allah ya ba ta lafiya, kuma yana cikin sharuɗɗan da aka amince da su lokacin sayen layi. Na ce karanto min. Ya ce suna da tsawo.

A ƙarshe ya ce ana iya kashewa. Ashe ana iya kashewa. Ya shiga nan ya fita can, wurin da ko shekara zan yi ba zan gano ba, ya miƙo min.

A bakin ofishin na tsaya na rubuta adireshin, na bar baƙi ɗaya da gangan. Fari fat. Ba a samu ba.

Na daɗe ina kallonsa. Mai gadi ya ce in matsa ina tare hanya.

Laraba, da hantsi

An cire mata robar. Ta ci burodi da shayi. Ƙafar ta saɓe har fatar ta yi yaushi.

Gobe za a sallame ta. Ba gida za ta ba.

Na shirya maganata tun a hanya, yadda zan ce musu ba a raba mutum da matarsa yana da rai. Uwata da Injiniya suka fita suka bar mu. Na fara. Ta ɗaga hannu.

"Direba, ba ƙwace ni aka yi ba. Ni na ce."

Na ce su suka sa ki.

"Ni na ce. Na gaya maka ƙwayar ba ta aiki, ka fita ka tambayi wata yarinya da ba ka taɓa gani ba, don ta iya cewa sannu da ƙoƙari. Ni ma da na ga haka sai na rufa maka asiri a waya, na kusa rufa shi da raina. Na gaji. Ina so in kwanta in yi barci a miƙe."

Na ce kamfanin layi ne.

"Na ji labarin kamfanin layi. Duk ɗakin nan sun ji shi."

Sai ta sassauta. Ta ce in ina son ganinta na san inda take. Na ce ban sani ba, ke ma kin san ban sani ba.

Ta ce, "To ka tambaya."

Alhamis

Sun tafi da ita. A motata.

Asabar, da safe

Na dafa shayi na zuba kofi biyu. Hannu ne ya saba.

Injiniya ya bugo ya ce zai zo ya ɗauke ni. Na ce ina da aiki.

Lahadi, bayan la'asar

Filon nan uku suna nan yadda ta bar su. Na share ko'ina ban taɓa su ba.

Kwalbar maganin ruwan da yarinyar ta aiko tana kan taga. Ban buɗe ba, ban ba ta ba. Wannan dai a rubuta shi, ban ba ta ba.

Wata lamba ta kira ni ɗazu, muryar wata yarinya, a sanyaye, wai Baba ina wuni, an ce kana jinya. Ban san abin da na gaya mata ba. Maƙwabci ya leƙo ta kan katangarsa yana tambaya ko lafiya.

Litinin, da yamma

Na kai wa Mai Faci silifas ɗin ya cire robar da ya ƙara. Ta bar shi a ƙarƙashin gado, a can ban san me take sawa ba. Ya gyara ya miƙo min.

"Wa zai kai mata?"

Na ce za a samu.

"Ka ce ƙafarka ba za ta taka gidan ba. To ka tafi da rarrafe mana, sai rantsuwa ta tsira."

Na ce bakinka ya fi hannunka aiki.

Ya yago kwalin taya ya rubuta min sunan unguwar da na layin. Ashe shi ya je har sau biyu. Kowa ya je.

Laraba, bayan magariba

Na je.

A tasha suka yo kaina, wani ya kama ledar silifas ɗin yana ina za ka, Baba, ga mota nan. Na fizge. Na nemi wani tsohon direba da yake zaune a inuwa na nuna masa kwalin. Ya nuna min motar da take can baya, ba kowa a ciki. Na shiga na jira ta cika.

Unguwar duk gidajen iri ɗaya ne, ƙofofi baƙaƙe, ba mai zama a waje. Na bi layi na ƙwanƙwasa inda na ga ya yi kama. Wata mata ta buɗe da yaro a goye. Na faɗi wanda nake nema.

Ta ce, "Ba nan ba ne, Baba. Ban san su ba."

Na ce na gode. Na ce Allah ya yi miki albarka, Allah ya raya yaron nan. Na sake cewa na gode. Ta kalle ni kamar wanda rana ta taɓa, ta tura ƙofa a hankali.

Na tambayi mai shago, ya ce layi na gaba. Na tambayi wani mai wankin mota a layi na gaba. Ƙofarsu koriya ce.

Injiniya ne ya buɗe. Ya durƙusa har ƙasa. Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, na gan shi, ya ga na gan shi. Na ce ina take.

Tana falo a kan doguwar kujera, ƙafa a miƙe, sanye da wani ƙaton silifas na Injiniya. Ta kalle ni tun daga hula har takalmi.

"Ka wuce kwanar ko?"

Na ce kaɗan.

Na durƙusa na sa mata nata. Ya zauna daidai. Uwata ta kawo shayi ta ajiye a gabana, ta ce an canza wa Mama lokacin farar ƙwayar, ɗazu ta sha. A hannun Uwata kwalayen suke yanzu, a wata 'yar jaka mai zif. Ban ce a nuna min ba.

Na ɗaga kofin kenan ta ce, "Kama ni, Direba."

Uwata ta yunƙura. Kwandasta ta ce, "Zauna, ba ke na kira ba."

Muka je muka dawo. Ban gama zama ba ta sake cewa. Ban san sau nawa ba. Shayin ya huce, na sha shi a haka.

Ba ta ce za ta dawo ba. Ni ma ban tambaya ba.